Yashin Bayan Ruwa: Yadda Ake Auna Shi da Abin da Yake Nunawa

Duk wanda ya fito da sassafe a cikin birnin Zariya bayan an kwana ana tafka ruwa a watan Agusta, ya bi lungunan da ke gangarawa wajen rafin Kamaca, ko ya tsaya a gindin abin da ya rage na ganuwa kusa da Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, zai tarar da yashi kwance a wuraren da jiya babu shi. Yashi ne wankakke, fes, wani lokaci har da 'yan layuka a bayansa kamar an bi shi da yatsa. Yara su yi ta gine-ginensu a kai, masu gida su share shi daga bakin ƙofa, wani ma ya kwashe a baho ya adana don ranar yaɓe. Da wuya a sami mai tambayar daga ina ya zo, alhali kuwa babu kogi a cikin lungun. Amsar ba ta da daɗin ji: mafi yawan yashin nan jiya yana jikin katangar wani, ko a jikin ganuwa, ko a daɓen wata hanya. Ruwa ne ya narkar da ƙasar, ya tafi da mai laushin cikinta, ya bar abin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan shi ne tushen wani fanni na kimiyya da ke auna girman ƙwayar yashi. Girman ƙwaya shaida ce ta ƙarfin abin da ya ɗauko ta, ko ruwa ne ko iska, da kuma inda ƙarfin ya ƙare har ya ajiye ta. Masu binciken gaɓar teku suna dogara da wannan awo, domin da shi suke gane irin ɓarnar da guguwa ta yi wa tsibiri. Amma hanyar awon ɗaya ce ko a bakin teku ko a bakin Kubanni, kuma uwar gida da ke tankaɗe ta riga ta san rabin aikin.

Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabe ƙasa ba. Akwai tsakuwa, akwai yashi mai kaushi irin na kogi, akwai rairayi mai laushi, akwai turɓaya, akwai yumɓu na maginan tukwane. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne sanya wa kowanne iyaka da lamba. A shekarar 1922 wani masanin duwatsu ɗan Amurka, Chester Wentworth, ya gyara wani ma'auni da Johan Udden ya fara tsarawa a 1898, kuma shi ake bi har yau. Bisa wannan ma'auni, duk ƙwayar da faɗinta ya wuce milimita 2 tsakuwa ce. Daga milimita 2 zuwa 0.063 yashi ne, mai kaushi a sama, rairayi a ƙasa. Daga nan zuwa kimanin 0.004 akwai wani rukuni mai laushi kamar garin da aka tankaɗe, wanda ido ba ya rarrabe ƙwayoyinsa amma haƙori yana jin gurzarsa. Shi za a riƙa kira turɓaya a nan. Abin da ya gaza haka shi ne yumɓu. Masanan ƙasar noma sukan sa iyakar yumɓu a 0.002, kuma ya kamata ɗalibi ya lura da wanda littafinsa ya bi. Kowane mataki na ma'aunin rabin na samansa ne: 2, 1, 0.5, 0.25, 0.125, 0.063.

Kayan awon kuwa rariya ce, ba ɗaya ba, jere. (Abin sha'awa ne cewa kalmar da Bahaushe ke kiran abin tankaɗe da ita, ita ce kuma yake kiran mafitar ruwa ta gindin katanga, wato daidai inda yashin bayan ruwa ya fi taruwa.) Ana ɗora rariyoyi shida bisa juna, mai manyan ƙofofi a sama, mai ƙanana a ƙasa, a sa faranti a ƙarƙashinsu duka. Sai a debo yashi daga saman wurin da ake son bincika, a shanya shi ya bushe ƙayau, domin ɗanyen yashi yana dunƙulewa ya yaudari mai awo. A tara shi, a raba huɗu, a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna, a sake gauraya, har a sami kimanin giram 100 da ba son rai ya zaɓa ba. A zuba a rariyar sama, a rufe, a girgiza na minti 10 zuwa 15, sannan a auna nauyin abin da ya tsaya a kowace rariya.

A ɗauka, alal misali, giram 4 suka tsaya a rariya mai milimita 2, giram 11 a mai 1, giram 30 a mai 0.5, giram 35 a mai 0.25, giram 14 a mai 0.125, giram 4 a mai 0.063, giram 2 kuma suka zube a faranti. Abu biyu ake nema a cikin waɗannan lambobi. Na farko shi ne matsakaicin girma, wato girman da rabin nauyin ya fi shi kaushi, rabi ya fi shi laushi. Idan aka tara daga sama, giram 45 ne suka wuce milimita 0.5, saboda haka matsakaicin yana ƙasa da 0.5 kaɗan. Na biyu shi ne daidaituwa: shin ƙwayoyin sun taru a rariya ɗaya ko biyu, ko sun watsu ko'ina? Iska gwanar tankaɗe ce, yashinta yakan taru wuri guda. Raƙuman ruwan teku ma haka, don suna wanke yashi dare da rana. Ambaliyar da ta taso cikin sa'a guda ta mutu cikin sa'a guda kuwa ba ta da lokacin zaɓe. Tsakuwa da rairayi da fasassun kasko duk tare take zubar da su.

Abin da ya faɗa faranti ya fi ƙarfin rariya, sai a koma ga ruwa. George Stokes na Ingila ya nuna a 1851 cewa ƙananan ƙwayoyi suna nitsewa gwargwadon murabba'in faɗinsu, wato idan aka rage faɗin ƙwaya da rabi, saurin nitsewarta zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwaya mai milimita 0.05 takan sauka santimita 10 a cikin ruwa a kimanin daƙiƙa 45. Mai milimita 0.002 kuwa sai ta kusa sa'a 8 kafin ta yi wannan 'yar tafiya. Shi ya sa kududdufin unguwa ke kwana da kwanaki yana ja bayan ruwa ya ɗauke. Manyan ɗakunan bincike na yau suna da na'urar da ke auna ƙwayoyi da hasken leza cikin 'yan mintuna, amma ba ta kori rariya ba, musamman ga yashi mai kaushi.

Tsibirin da ke tafiya

A wasu gaɓoɓin duniya akwai dogayen tsibirai sirara na yashi zalla, kwance a gaban ƙasa kamar shinge, da tafki ko fadamar gishiri a bayansu. Su ke karɓar dukan teku a madadin garuruwan da ke baya. Nijeriya tana da su: bakin yankin Neja Delta jerin irinsu ne, ciki har da inda garuruwan Bonny da Brass suke, Legas kuma a kan irin wannan shingen yashi da tafki take zaune. Gabashin Amurka ma cike yake da su.

Tsibirin da babu dutse a ƙarƙashinsa ba ya zama wuri ɗaya. A lokacin lumana raƙuman ruwa na turo yashi gaɓa, iska ta kwashi mai laushin ta tara tuddai a baya. Idan guguwa ta zo, ruwa ya kumbura, sai ya kwashe rairayi ya kai cikin teku, ya bar mai kaushi da ɓawon ƙumba da wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu nauyi a shimfiɗe. Idan ta yi tsanani, ruwan ya haye tuddan ya zubar da yashin gaɓa a kan baƙar lakar fadamar da ke baya. A ƙarshen Oktoba na 2012 guguwar da aka sa wa suna Sandy ta faɗa wa Fire Island, wani dogon tsibirin yashi kusa da birnin Niyok. Ta huda shi a wurare, kuma ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka auna shi kafin guguwar da bayanta sun tarar gaɓar da tuddanta sun rasa fiye da rabin yashinsu. Masu irin wannan aiki sukan ja layi daga bakin ruwa zuwa bayan tsibiri, su ɗebi yashi a tazara-tazara, su wanke gishirinsa, su tankaɗe, su kuma komo wurin bayan watanni don ganin ko rairayin da ya tafi yana dawowa. Haka kuma sukan kafa bututu a cikin fadama su zaro ƙasa mai zurfi. Duk inda farin layin yashi ya ratsa baƙar laka, nan wata guguwa ta taɓa hayewa, ko da ta faru tun kafin a fara rubuta tarihin wurin.

Labarin Legas ya fi kusa, ya kuma fi nuna tsadar rashin yashi. Daga 1908 zuwa wajen 1912 Turawan mulki suka gina dogayen katangun duwatsu cikin teku a bakin tashar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe mashiga. A wannan gaɓa ruwa yana tafiyar da yashi ne daga yamma zuwa gabas. Katangun suka tare shi: ɓangaren yamma ya yi ta faɗaɗa, ɓangaren gabas kuwa, wato Bar Beach da ke Tsibirin Biktoriya, ya rasa mai ciyar da shi, teku ta ci fiye da kilomita guda na ƙasa. Tun daga 1958 aka yi ta zuba masa yashi da aka yaso daga wani wuri, teku tana kwashewa, ana sake zubawa, ruwa kuma yana hawa titin Ahmadu Bello idan teku ta kumbura. A irin wannan aikin ciko, girman ƙwaya shi ne abin dubawa na farko: yashin da ya fi na asalin gaɓar laushi ba ya daɗewa, kuɗi ne kawai aka zuba a ruwa. Daga baya, a ƙarshen shekarun 2000, aka kama ginin katangar duwatsu da cike wurin da yashin teku, inda unguwar Eko Atlantic take yanzu.

Rayuwar gaɓa ma a kan girman ƙwaya take. Gaɓa mai kaushin yashi takan yi gangare sosai, ruwa ya tsiyaye nan take, halittu kaɗan ne ke iya zama. Mai laushi takan kwanta shimfiɗe, ta riƙe danshi, ta cika da tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa da wasu halittu da ke rayuwa a tsakanin ƙwayoyi, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Kunkurun teku na buƙatar yashin da zai haƙu ba tare da ramin ya rufta ba, wanda kuma iska za ta ratsa ta kai ga ƙwai. Ko a Zariya ana ganin irin wannan zaɓe: kurkudu, ɗan ƙwaron nan mai haƙa ramin tarkon tururuwa a gindin katanga, ba ya haƙa sai a busasshen rairayi mai laushi, inda bangon ramin zai zame da zarar tururuwa ta taka.

Ƙasar Zariya

Zariya tana nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, amma ƙasarta ta haɗa tarihin yashi iri uku. Na farko daga duwatsun wurin ne, irin su Kufena da Madarkaci. Dutsen giranit yana ruɓewa a hankali: wani ma'adinin cikinsa ya koma yumɓu, ma'adinin kwaz mai taurin kai kuwa ya saura a matsayin yashi mai kaifin gefe. Na biyu na koguna ne, Kubanni da Saye da Galma, waɗanda ke kwasar wannan yashi su wanke shi su tara a kwanarsu. Na uku, wanda mutane ba su cika sani ba, iska ce ta kawo shi.

A 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana cewa ƙasar Hausa ta arewa maso gabas tana zaune ne a kan tsofaffin tuddan hamada da ciyayi suka rufe, waɗanda suka taru a wasu zamunan fari dubban shekaru da suka wuce. Su ne jigawar da jihar Jigawa ta ci sunanta. Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, wanda ya yi shekaru yana ratsa hamadar Libiya, ya riga ya nuna a littafinsa na 1941 cewa iska ba ta ɗaga rairayi sama sosai. Tsalle-tsalle yake yi kusa da ƙasa, don haka ba ya nisa. Turɓaya ce ke tashi sama ta yi tafiya. Saboda haka idan mutum ya ɗebi ƙasar sama daga arewacin Kano ya nufo kudu yana tankaɗewa, zai ga ƙwayar tana ƙara laushi, har ya iso filayen Zariya da Samaru, inda turɓaya da rairayi mai laushi suka lulluɓe tsohuwar ƙasar giranit. Aikin bai tsaya ba. Hazon hunturu da ke rufe gari daga Nuwamba zuwa Maris, wanda Grant McTainsh ya auna saukarsa a Kano a ƙarshen shekarun 1970, mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki da ya ninka Tafkin Chadi na yau sau da yawa. Wani kaso na ƙurar nan ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa ne masu ƙwayar halitta ɗaya da suka rayu a tafkin. Mai goge tebur da hunturu yana share gawarwakinsu bai sani ba.

Wannan laushi ni'ima ce ga manomi ta wata fuska, domin ƙaramar ƙwaya ta fi riƙe ruwa da taki. Giram ɗaya na ƙwayoyi masu milimita 1 yana da fuskar da ba ta wuce murabba'in santimita 23 ba. Giram ɗaya na masu milimita 0.001 yana da fiye da murabba'in mita 2. Amma akwai inda take zama masifa, kuma wani ɗan ƙasar Suwidin, Filip Hjulström, shi ya fito da dalilin a 1935 bayan bincikensa a kogin Fyris. Hankali zai ba mutum cewa mafi ƙanƙantar ƙwaya ita ce mafi sauƙin ɗauka. Ba haka ba ne. Yumɓu yana manne wa juna, sai ruwa mai gudun fiye da mita guda a daƙiƙa yake iya ɓamɓare shi idan ya daskare, kusan irin ƙarfin da tsakuwa ke buƙata. Mafi sauƙin ɗauka su ne na tsakiya, rairayi da abin da ke kusa da shi, waɗanda ruwa mai gudun kimanin santimita 20 a daƙiƙa ya ishe su. Ƙasar Zariya kuwa ta cika da irin waɗannan. Ga shi hadarin farkon damina yana sauka ne a kan ƙasa tsirara, da manyan ɗigo masu faɗowa da gudun da ya kai mita 9 a daƙiƙa. Ɗigon ya fasa dunƙulen ƙasa, turɓaya ta toshe ƙofofin da ruwa zai nitse, saman gona ya yi ɓawo, ruwan ya koma gudu a kai. Daga nan zaizaya ke farawa. Ƙarshen tafiyar wannan ƙasa shi ne irin madatsar ruwan Kubanni, wadda aka gina a shekarun 1970 don shayar da Jami'ar Ahmadu Bello: mai kaushi ya zube a inda kogi ke shiga, mai laushi ya kwanta can ciki, kowace damina wurin ajiyar ruwa yana raguwa.

Maginan Zazzau sun san wannan tun ba a ƙera rariyar ƙarfe ba. Magini yakan murza ƙasa a tafin hannu, ya jiƙa ta, ya mulmula, ya san ko za ta yi tubali. Yumɓu ya yi yawa, gini ya tsattsage da rani. Yashi ya yi yawa, ya marmashe da damina. Yumɓu shi ne manne, yashi shi ne ƙashi, ciyawar da ake tattakawa a ciki kuma tana hana tsagewa. Sannan a kare fuskar gini da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko da laso na katsin marina. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, a ƙarni na 19, da bakan gizon da masana gine-gine ke zuwa kallo daga ƙasashe. Sharaɗin ginin ƙasa shi ne yaɓe duk shekara ko biyu. Ganuwa ta daɗe ba ta sami wannan gata ba, ga masu ɗibar ƙasarta, ga masu yanka filaye a jikinta. Kowace damina ruwa yana yi mata irin tankaɗen da guguwa ke yi wa tsibiri, da bambanci ɗaya: teku takan mayar da wani abu daga cikin abin da ta ɗauka, ruwan sama ba ya mayarwa.

Yashin da ya saura ma bai bar mutane lafiya ba. Shi ke cika magudanun ruwa, ruwa ya rasa hanya ya jiƙa gindin katangu, shi ne kuma asalin rushewar ɗakuna da yawa a watan Agusta. Inda ya tare ruwa ya bar 'yan tafkuna masu samun rana, nan sauron zazzaɓin cizon sauro ke ƙwai. Aikin gayya na yashe kwata abin yabo ne, amma tara yashin a bakin kwatar, kamar yadda aka saba, aiki ne na banza: ruwa na gaba zai mayar da shi. Kuma babu mai iya tsayar da shi sai an san daga inda yake zubowa, wanda awo ne kaɗai zai nuna. Masu buga bulo su ma abin ya shafe su, domin yashin tifa da turɓaya ta yi wa yawa ba ya barin siminti ya kama.

Makarantar da ba ta da jerin rariyoyi tana iya farawa da kwalba. A sami kwalabe biyu masu miƙaƙƙen jiki. A ta farko a zuba ƙasa daga wani dunƙule da ya riga ya faɗo daga tsohuwar katanga, ba wanda aka ɓamɓaro ba, a marmashe shi sosai. A ta biyu a zuba yashin da ruwa ya bari a lungun da ke ƙasa da katangar. Kowace ƙasar ta kai sulusin kwalba, a cika da ruwa, a sa ɗan garin sabulun wanki don ƙwayoyin su rabu, a girgiza da kyau, a ajiye. Bayan minti ɗaya a ja layi inda yashi ya tsaya, bayan sa'a 2 a ja na turɓaya, bayan kwana ɗaya ko biyu a ja na yumɓu, a auna kaurin kowanne da rula. Kwalbar farko za ta nuna hawa uku, ruwanta kuma zai daɗe yana ja. Ta biyu kusan hawa ɗaya ce, ruwanta ya washe tun kafin a tashi daga darasi. A rubuta ranar, da wurin, da yawan ruwan da aka yi daren, a maimaita a watan Mayu da Agusta da Oktoba, a bar wa 'yan aji na baya littafin su ci gaba. Hawa biyun da babu su a kwalba ta biyu sun bi rafi sun nufi Galma.